Mashin da Ke Lanƙwasa

Hajaru ta dawo daga lakwal da la'asar,
ta aje littafinta bisa buhun gawayi,
ta ce, "Kaka, gobe muna da jarrabawa,
saurara in karanta maka Rumawa."
Ni kuwa ina kan dukan hauyar Nomau,
wadda ya biya rabi tun watan jiya.

Ta ce sojansu yini yake yana tafiya,
da tukunya, da gatari, da guzurin kwanaki a kafaɗa,
har ana yi masa ba'a da sunan alfadari.
In rana ta faɗi ba ya kwanciya
sai ya haƙa gwalalo, ya kafa shinge,
gari sukutum na dare ɗaya,
da asuba a tuge, a ƙara gaba.
Na ce, "Wannan ai manomi ne aka ba takobi."

Ta ce in kibau suka yi ruwa
sai su haɗa garkuwa da garkuwa,
gaba da gefe da bisa kai,
su zama kunkuru mai ƙafa ɗari.
Na yi dariya har wutar ta kwanta.

Da ta zo kan mashi na aje masaba.

Wai wuyansa dogo ne, siriri,
kan ya sha wuta, wuyan kuwa an bar shi da taushi.
In ya huda garkuwa sai ya lanƙwashe,
bai fita, bai komawa ga mai shi,
sai abokin gaba ya yar da garkuwar
ya tsaya da ƙirji kawai.

Shekara arba'in da ɗaya ina tsugune a Bilbis.
Ubana ya taɓa marina kan lauje guda
don ya tanƙware a hannun mai yankan ciyawa.
Ya ce ƙarfen da ya rusuna kunyar maƙeri ne.
Ga wani can, bayan hamada, bayan teku,
ya ɗauki kunyar ya yi makami da ita.

Na ce, "Wa ya ƙera? Duba sunansa."
Ta buɗe gaba, ta buɗe baya.
Akwai sarakuna, akwai jarumai masu hancin dutse,
akwai giwayen da suka hau tsauni daga wannan ƙasa tamu ta Afirka,
akwai yawan waɗanda suka mutu a yini guda,
lamba mai tsawo kamar kuɗin da ban taɓa riƙewa ba.
Mai zuga wuta dai babu shi.

Bayan isha'i na koma maƙera ni kaɗai.
Na ɗauko guntun rodi da ya rage daga ginin Arzika,
na ja shi, na sirance shi,
na tsoma kan a ruwa, na hana wuyan sha.
Hannuna na ƙi, ina lallashinsa.
Na sa ƙota, na jefi tsohon ƙyauren langalanga.
Ya shiga. Ya sunkuya
kamar zangarniyar gero da ta ƙosa.

Na daɗe tsaye ina kallonsa.
Ban san ko murna nake ba.
Wani ɗan wata ne ke bayan wancan garkuwar,
shi ma da tukunyarsa, shi ma da gonar da ya baro.

Da safe Hajaru ta tafi da shi lakwal, naɗe cikin zane.
Mushe Tankari ya juya shi, ya auna,
ya ce tsawon bai kai ba.
Ta ci goma sha uku cikin ashirin.

Mashin na nan. Ban miƙe shi ba.
Da shi muke sakale ƙofar garken awaki,
lanƙwasar ta zauna daidai da dirka.
Nomau kuwa har yau bai kawo cikon ba.